Tuzuru Da Gidan Kansa: Shawara Ga Samarin Kara

Maganata ta wannan fitowa da samarinmu nake yin ta, waɗanda Allah ya fara buɗa wa hannu a wannan sana'a amma ba su kai ga ajiye iyali ba. Tun da jama'a suka fara komowa Madani a shekarar 2025, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakinsu: wanda ya tara ɗan abin hannunsa, aure zai yi, ko ya ƙara shanu, ko ya nemi fili? Wasu manya suna cewa wai me tuzuru zai yi da gida, da wa zai zauna a ciki? Ni dai ina ganin ya kamata ya saya, amma da sharuɗɗa, kuma su ne zan jero a nan.

Abin da muka gada

Kakanninmu ba zama ya kawo su ƙasar nan ba. Mafi yawansu niyyar Makka suka ɗauro tun daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, a ƙafa ko bisa jaki. Wasu kuma hijira suka yi bayan yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Bahar Azrak kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake yanzu. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga na Jazira ya buɗe, sai aiki ya samu, mutane suka tsaya neman guzuri. Mutumin da ke ganin kansa a kan hanya ba ya gina soro. Bukka ta ishe shi, abin da ya samu kuma na jirgin Sawakin ne. Allah ya saka musu da niyyarsu, amma zaman da aka ce na shekara biyu ne ya kai jikoki da tattaɓa kunne, ga shi da yawanmu mun tashi a wurin da ba mu da ko guntuwar takarda a kansa. Waɗanda ke cikin kanabi, wato sansanonin ma'aikata na bakin magudanan ruwa, su suka fi kowa sanin wannan ciwo.

Doka kuma ta zo ta ƙara nauyi. A 1970, zamanin Numairi, an yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Dokar mu'amalat ta 1984 ta maye gurbinta, amma wannan tushe bai kau ba. Ga kuma batun jinsiyya: dokar 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna ƙasar tun ƙarshen 1897, abin da ya tsare Hausawa da yawa a bakin ƙofa. Dokar 1994 ce ta dawo da wa'adin zuwa 1 ga Janairu 1956. Saboda haka saurayin yau yana da damar da kakansa bai samu ba. Rikicin jihar Bahar Azrak na watannin Yuli da Oktoba 2022, a Rusairis da Wad al-Mahi da kewayensu, inda ɗaruruwan mutane suka rasu, dubbai suka bar gidajensu, maganar ƙasa ce a gindinsa. Takarda ba ta tare harsashi, wannan gaskiya ne. Amma ranar da ƙura ta lafa aka zauna tantance na wane da na wane, ita ake tambaya.

Marar iyali a bayan layi

Rabon filaye na gwamnati, wanda ake kira huɗɗa iskaniyya, iyali yake dubawa: mata da yawan 'ya'ya da daɗewar mutum a wurin. Marar aure a ƙarshen layi yake, sai fa in ya tabbatar shi ke ɗauke da iyaye ko ƙanne. Haya ma haka take. Kowa ya san yadda masu gida a Madani ke yamutsa fuska in aka ce azzaba ne za su shiga, maƙwabta kuma su sa ido. Da yaƙi ya tashi a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023, mutane suka kwararo garin nan, kuɗin haya ya haura, waɗanda aka fara cewa su tattara kayansu su ne samari marasa iyali. Ke nan tuzuru ba shi da wata ƙofa sai ta kasuwa, wato ya saya da guminsa.

Sai dai yana da wata riba wadda mai iyali ba shi da ita. Ba kuɗin cefane, ba na makaranta, ba na suna. Shekarun da ke tsakanin fara samu da ɗaura aure su ne kaɗai lokacin da mutum zai iya ajiye rabin ribarsa bai ji a jikinsa ba. Amma kun san halinmu, kuɗin tuzuru na kowa ne. Wannan ya zo rance, waccan ta zo da biki, abokai a wurin mai agashe kullum shi ke biya. In bai ɗaure kuɗin nan a jikin wani abu ba, zai waiwaya bayan shekara biyar ya tarar ba kuɗin, ba kuma wanda zai ce ya ci.

Kuɗi, shanu, ƙasa

Mu da muka yi ciniki a shekarun 1990 mun ga abin da takardar kuɗi ke yi wa mai ajiye ta. A 1992 aka kawo dinari, kowane ɗaya a madadin fam 10. A 2007 aka dawo da fam, kowane ɗaya a madadin dinari 100. Wanda ya binne fam miliyan ɗaya na da, fam 1,000 ya tono. A watan Fabrairu 2021, rana ɗaya, farashin dala na hukuma ya tashi daga fam 55 zuwa 375. A ƙarshen 2024 kuma aka canja takardun 500 da 1,000, masu ajiya a buhu suka shiga layin banki. Shi ya sa tun da can muke cewa dukiya a kan ƙafa huɗu ta fi dukiya a aljihu.

To amma ƙafa huɗun ma mun ga iyakarta. Daga Disamba 2023 da dakarun Da'am Sari suka shiga Madani zuwa 11 ga Janairu 2025 da soja suka karɓe ta, an kore garkuna, an tafi da motoci, an kwashe kayan gidaje har da ƙofofi da tagogi. Abin da ba a iya ɗora wa mota ba shi ne filin. Wanda sunansa ke cikin rajista ya komo ya tarar da kango, amma kangon nasa ne, ya share ya kafa rakuba ya fara daga nan.

Kada kuma a ce na zuga ku ku sayar da garke. Fili ba ya haihuwa, ba a tatsarsa, ba a kora shi a tsere in masifa ta taso, kuma ran da ka matsu ba ka kai shi kara da safe ka komo da kuɗi da la'asar. Ɗan kasuwar da ya zuba uwar kuɗinsa a ƙasa ya zama mai gida marar sana'a, ƙarshenta shi zai sayar da gidan da araha. Saboda haka sharaɗi na farko, uwar kuɗi ba a taɓa ta.

Ga misali. A ce kana juya bijimai 20 a turke. Ka tsayar da cewa waɗannan 20 haramiyarka ne. Duk abin da ya hau kansu bayan ka cire kuɗin ambaz da dusa da abu saba'in da magani da ladan yaro, raba shi biyu, rabi ya koma ciniki, rabi ka saya wa fili maruƙa. Ka yi musu alama dabam, ka riƙa kiransu shanun gida, domin abin da aka raɗa wa suna yana da wuyar taɓawa. In lokacin sayarwa ya yi, ka nufi ƙarshen rani sa'ad da ƙosasshen sa ke wuya, kada ka bari sai bayan damina da garkunan Nyala da Di'ain suka cika Muwailih farashi ya kwanta.

Sharaɗi na biyu, in da dukiyar ubangida kake juyawa a kan kiradi, kada ka ɗauki ko sisi sai an zauna an yi hisabi, kowa ya san rabonsa. Filin da aka saya kafin hisabi rigima ce aka saya.

Adashi, wanda mutanen nan ke kira sanduk, yana da amfani, sai dai a zamanin da kuɗi ke narkewa mai ɗaukar ƙarshe shi ke cutuwa. In za ku yi, ku ƙulla shi a kan abu: kowane zubi kuɗin buhun siminti kaza, ko kuɗin maraƙi ɗan shekara, a farashin ranar zubin. Banki kuwa, ko da murabaha ce ba riba ba, sai ka sa hannu a kan cek na biya kashi-kashi. Sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991, wanda ya shafi cek marar kuɗi, ya kwantar da 'yan kasuwa da yawa a kurkuku. Mu kuwa samunmu ba albashi ba ne, wata ɗaya a samu, wata biyu a rasa. Wanda zai shiga ya tabbatar yana da shanun da za su rufe kashi uku a jere ko kasuwa ta mutu.

Takarda ma ana buɗe mata baki

Babu ɗayanku da zai sayi sa bai buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora ba, ko ya karɓi saniyar da ba ta da lamuni. A kasuwannin yamma kowace kabila tana da daminta, wanda zai tsaya ya ce wannan dabba ba ta sata ba ce. Abin mamaki, mutumin da ya ƙware a wannan shi ne zai miƙa kuɗin bijimai 10 a kan fili saboda dillali ya rantse masa.

Ƙasar zama iri uku ce a nan. Akwai milik hur, mallaka ta har abada, wadda aka yi wa rajista tun da can, kuma ba ta da yawa. Akwai hikir, wato gwamnati ce mai ƙasa ta ba ka na wasu shekaru ana sabuntawa, yawancin filayen birni haka suke, an kuma kasa su daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku. A daraja ta uku ana yarda ka yi ginin ƙasa, wannan ita ce daidai mai farawa. Sai hiyaza, wato riƙo kawai, babu rajista, sai shaidar shehun gari ko kwamitin unguwa. Hiyaza ta fi araha, kuma a ƙauyukanmu sau da yawa ita kaɗai ce ake samu. Wanda zai saye ta ya sani riƙo ya saya. Ya biya kuɗin riƙo, ya tara shaidu, ya gina da wuri, ya kuma kasa kunne ga ranar da za a tsara garin domin ya shigar da sunansa.

In fili mai rajista ne, daminsa shi ne shahadar bahas, takardar da ofishin rajistar ƙasa ke bayarwa. A cikinta za ka ga sunan mai shi, da lambar fili, da lambar murabba'i, da faɗinsa, da kuma ko an jinginar da shi ko kotu ta tsare shi. Ka nemi sabuwa wadda aka fitar domin sayarwa, don tana da wa'adi. Kada ka yarda da hoto a waya. Ka tafi ofishin da ƙafarka tare da mai sayarwa, ka gwada sunan da lambarsa ta ɗan ƙasa. Bayan wannan yaƙi takardu da yawa sun ɓace, wasu sun faɗa hannun da ba nasu ba, masu gidaje da yawa kuma suna Masar ko Saudiyya. In aka ce maka da wakilci ake sayarwa, ka nemi mai filin ka ji muryarsa, ka kuma sa lauya ya bincika takardar wakilcin.

Daga nan sai ma'aikacin awo ya zo ya nuna maka kusurwa huɗu, domin an sha nuna wa mutum fili mai kyau a bakin hanya alhali lambar da ke takarda tana can cikin kwari. Ka tambayi bashin awayid da na ruwa. A rubuta ciniki gaban lauya mai ikon tabbatarwa da shaidu biyu. Kada ka biya duka sai an juya suna a rajista, don muddin sunan wancan ne a littafi, a idon hukuma nasa ne. Wanda ke jin kunyar neman rubutu ya tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Abu biyu ku yi hattara da su ƙwarai. Na ɗaya, gidan gado. In magada ne ke sayarwa, ka ga i'ilam na kotun shari'a wanda ya lissafa su duka, kowa kuma ya sa hannu, har matan da ke aure a wani gari. Mun karanta a Risala cewa abokin tarayya a abin da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya mayar maka da kuɗinka ya karɓe rabon da ka saya. Na biyu, gonar da aka yanyanka a gefen gari ana sayarwa da sunan filayen gida. Ƙasar noma ba ta zama ta zama sai hukuma ta canja mata manufa. Hawasha ma haka, wurin noma ce, ba a gina gida a kanta don an ga dama.

Fili da damina ake ganinsa

Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Ka je bayan an yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta ka ga inda ruwa ke kwana. Waɗanda suka ga ambaliyar 1988 da ta 2020, da abin da ya sami Manakil a 2022, ba sa bukatar a yi musu bayani. In kusa da kogi ne, ka tambayi tsofaffin wurin inda gaɓa take shekara 20 da suka wuce, don haddam yana cin ƙasa a hankali. Baƙar lakar Jazira kuma tana kumbura da damina ta tsage da rani, ita ke fasa bango. Kuɗin da za ka kashe a ado ka zuba shi a harsashi.

Mutanen ƙasar nan suna cewa a nemi maƙwabci kafin gida, ga marar aure kuwa abin ya ninka. Ka je ka gai da limamin unguwa da dattawa kafin ciniki, su san ɗan wane ne kai da abin da kake yi. Ka tambaya ko ana yarda da turke, domin ba kowace unguwa ce za ta jure warin zariba ba. Ka auna nisan wurin da kara, kada kuɗin mota ya cinye abin da ka tsira da shi na haya.

Gini kuwa a bi shi sannu. Katanga da ƙofa tukuna, sai bayan gida, sai ɗaki ɗaya da rakuba. Ko na jalus ne aka yi da gayya, a shafe shi da zibala kafin ruwa, ya wadatar. Jan bulo na bakin kogi ya biyo baya in hali ya yi. Kada a bar fili fayau shekara da shekaru. In tafiya ta kama ka zuwa Tambul ko Kosti ko Umdurman, ka sa wani ya zauna, amma a rubuta cewa aro ne, ko da ɗan'uwanka ne.

Sunan wa za a rubuta?

A nan ne kunya ke kayar da samarinmu. Yaro ya yi wahala ya saya, sai ya ce ai ba ya sa sunansa ga mahaifinsa da rai, ko ga babban wansa. Ladabi abu ne mai kyau. Amma ran da mahaifin ya rasu, filin ya shiga gado, 'yan'uwa na ɗaki biyu ko uku kowa da rabonsa, kuma ba wanda ya zalunce shi a shari'a tunda haka takarda ta ce. Ka rubuta sunanka, ka ɗauko tsohonka da tsohuwarka ka zaunar da su a ɗaki mafi kyau. In kuwa kun haɗa kuɗi da ɗan'uwa, a rubuta rabon kowa tun ranar farko.

Ka kuma san inda abin zai tafi in ta Allah ta kasance ba ka yi aure ba. In iyaye biyu suna raye kuma kana da 'yan'uwa biyu ko fiye, uwa tana da sudusi, saura na uba, 'yan'uwa ba su da komai. In kana so ka yi wa wani wanda ba magaji ba alheri, wasiyya ba ta wuce sulusi. Gidan da ka saya don zama babu zakka a kansa, amma filin da aka saya don a sayar kayan ciniki ne, sai a tambayi malamai yadda za a fitar.

Wannan magana har da 'yan'uwanmu mata, zawarawa da waɗanda ba su yi aure ba, masu sayar da nono da godogodo da masu kiwon tumaki a gida. Shari'a ta ba mace dukiyarta, ba ta ce sai da sunan wa ko kawu ba. Duk wanda ƙanwarsa ta ba shi kuɗi ya saya mata fili, ya kai ta ofis a rubuta sunanta. Amana ce, za a tambaye shi.

Aure fa?

Ban ce a jinkirta sunna saboda bulo ba. Wanda ya ji tsoron faɗawa haram ya yi aurensa ko a ɗakin haya ne, arziki na Allah ne. Amma wanda zai iya haƙurin shekara biyu ya lura da wannan: kuɗin shela da na walima kwana bakwai suke yi su wuce, hayar wata-wata kuma ba ta ƙarewa. Uban yarinya mai hankali ya fi son ya ji kana da ɗaki ɗaya naka da ya ga akwatuna goma. Mu iyaye ma sai mu sassauta, mu daina auna saurayi da yawan turare da atamfa.

A ƙarshe ina roƙon shugabannin ƙungiya abu biyu. A samu lauya ɗaya amintacce wanda ɗan ƙungiya zai kai wa takarda ya duba kafin ya biya, a riƙa ba shi wani abu daga asusu. Sannan kowane memba ya yi hoton takardunsa na fili da na jinsiyya, kwafi ɗaya a ofishin ƙungiya, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari, don mun ga yadda mutum ke fita gidansa da rigar jikinsa kaɗai.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar wa kowa da abin da ya yi hasara, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa wa kasuwarmu albarka, amin. Wassalamu alaikum.